Tsibin buntun da ke bayan injinka: a sayi injin gawayi ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin casar shinkafa a yankin Kura, shekara shida ke nan. In kaka ta yi nakan cashe buhu talatin na shanshera a rana, wani nawa, wani na mutane. Buntu ya taru a bayan injin har ya zarce katanga. Da wuta muke cinna masa, amma maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai unguwa saboda hayaƙi. Yanzu wani ya nuna mini bidiyon injin da ke mayar da buntu gawayi, ya ce cikin wata shida zan mayar da kuɗina. Kuɗin injin ya kusa rabin jarin da nake sayen shanshera da shi. Ɗana kuma ya ce gara mu yi iskar gas ta girki da shi. In saya ko in bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa injin albarka. Kada ka saya bana, kuma ko baɗi ka yanke shawarar saye, kada kuɗin ya fito daga jarin shanshera. Ba wai tsibin nan ba shi da kuɗi ba ne. Akwai kuɗi a cikinsa, sai dai ƙofar da aka nuna maka ita ce mafi tsada, kuma ita ce ta ƙarshe da ya kamata ka ƙwanƙwasa.

Ka fi ni sanin abin da jarin shanshera yake yi maka. Da kaka kake sayenta da sauƙi, ka cashe, ka sayar, ka koma gona ko kasuwa ka sake ɗaukowa. Kuɗin da ke juyawa haka sau da yawa a shekara shi ne ran sana'arka. In ka zare rabinsa ka zuba a ƙarfe, ba kuɗin injin kaɗai ka biya ba, ka biya har da ribar duk buhun da ba ka saya ba a lokacin da take araha. Kuma abin da mutane ke mantawa: in shansherar da kake casa ta ragu, buntun ma zai ragu, wato ka rage wa sabon injin abincinsa tun kafin ya iso.

To mu auna tsibin. Mu ɗauka buhunka kilo 100 ne don sauƙin lissafi. A kowane kilo 100 na shanshera, kusan kilo 20 buntu ne, kilo 8 zuwa 10 dusa ce, sauran shinkafa ce da tsakinta. Buhu talatin a rana ke nan yana bar maka buntu kilo 600 da dusa wajen kilo 240 zuwa 300. In ka yi kwana ɗari kana aiki haka, buntun ya kai tan 60. Sai dai buntu ba shi da nauyi. Buhun da zai ɗauki kilo 100 na shanshera, in ka cika shi da buntun da ba a niƙe ba, da ƙyar ya wuce kilo 20. Shi ya sa kake ganin kamar duk buhun da ya shiga injin sai ya haifi wani buhun a bayan gida. Haka ɗin ne kuwa.

Wannan rashin nauyin shi ne ke yanke hukuncin duk wata sana'a da za a yi da buntu. A-kori-kura za ta cika maƙil, amma abin da ta ɗauko bai taka kara ya karya ba, kuɗin mai kuwa ɗaya ne da na wanda ya yi lodin shinkafa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk kayan da ke da girma ba nauyi ya zama maƙiyin tafiya. Saboda haka mai sayen buntunka na gaskiya ba a Sabon Gari ko Bompai yake ba. Yana cikin garinku ko ƙauyukan da ke kewaye, inda amalanke ko babur mai ƙafa uku zai kai a dawo kafin azahar. Ka riƙe wannan a ranka, don za mu dawo kansa.

Abu na farko da zan so in sani shi ne irin injin da kake da shi. In tsohon nan ne mai ƙarfe a ciki, samfurin Engelberg, wanda ke ɓarewa da gogewa a tafiya ɗaya, to abin da ke fita ta bayansa ba buntu ba ne zalla. Buntu ne da dusa da tsakin shinkafa, duk a niƙe a cakuɗe. Ga inda kuɗinka yake zubewa kullum. Tsantsar dusar shinkafa abinci ce mai daraja: tana da furotin wajen kashi 12 cikin ɗari, da mai kashi 15 zuwa 20. Masu haɗa abincin kaji da masu kiwon turke suna nemanta da kuɗinsu a hannu. Buntu kuwa furotin ɗinsa bai wuce kashi 2 ko 3 ba, sauran ƙiraruwa ce da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi, kaza ba ta narkar da shi. In suka haɗu, dusar ce ke faɗowa farashin buntu, buntun ba ya hawa farashin dusa. Ka tambayi duk wanda ya taɓa zuwa Abakaliki a jihar Ebonyi, zai ba ka labarin tsaunukan buntun da ke bayan injinan garin, da matan da suke wuni a kai suna sheƙa suna tsintar tsakin shinkafa, da shi suke ci da 'ya'yansu. Abin da ake kira shara a can ma akwai abinci a ciki, balle naka.

Don haka in har akwai ƙarfen da ya cancanci ka yi masa tanadi, shi ne injin ɓarewa mai roba, wanda ke cire buntu daban kafin shinkafa ta wuce wurin gogewa. Riba biyu yake kawowa. Shinkafar ba ta karyewa kamar da, buhunka ya ƙara daraja a kasuwa, sannan dusa ta fito ta ƙofarta, buntu ya fito ta tasa. Robar tana cinyewa, sai ana canzawa, ka sa wannan a lissafi. In kuwa kuɗinsa bai samu ba tukuna, ka sa a yi maka babbar rariya ta waya mai ƙananan ƙofofi, ka ɗauki mutum biyu su riƙa tankaɗewa. Ba za ta raba tas ba, amma abin da za ta fitar ya isa ya biya su ya bar maka saura. In kuma tuni kana da mai robar, to alhamdu lillahi, rabin aikin ya ƙare.

Dusar shinkafa tana da hali guda: ba ta son ajiya. Man da ke cikinta yana fara lalacewa cikin 'yan kwanaki da fitowarta, ta yi ɗaci da wari, dabba ta ƙi ci. Ta shinkafar da aka turara ta fi jimawa, saboda zafin turarawar ya kashe abin da ke ruɓar da man, amma ita ma sai ta bushe sarai. Kada ka yi tunanin tara ta har farashi ya hau kamar yadda ake yi da masara a Dawanau. Ka samu mutum biyu ko uku masu ɗauka duk mako, ku tsayar da rana, ku tsayar da ma'auni. Masu turken raguna da shanu sun fi matsa lamba daga watanni uku kafin babbar salla, a lokacin ne za ka ga darajarta. Ka sa buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa, don dusar da ta sha danshi ta yi funfuna guba ce ga kaji.

A nan sai na tsaya in faɗi wata magana, don na san za a zo maka da ita in ma ba a riga an zo ba. Za a ce ka niƙe buntun ya yi laushi ka gauraya da dusa, buhu ɗaya ya zama biyu, ai kowa haka yake yi. Kada ka yarda. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi a ɓoye a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ko ta fuskar kasuwa kaɗai ma asara ce. Mai kaji zai ga ƙwai ya ragu cikin mako biyu, zai bi sawu har ya gano daga ina ne, kuma ba shi kaɗai zai daina zuwa ba, har da duk wanda suke zama majalisa ɗaya. In za ka sayar da gauraye, ka ce gauraye ne, ka sa masa farashinsa. Akwai masu saye don shanu.

Yanzu mu zo kan buntun kansa. Kafin a yi maganar mayar da shi gawayi, ai shi kansa makamashi ne. Kilo ɗaya na busasshen buntu yana ba da zafin da bai yi nisa sosai da na kilo ɗaya na itace ba. Su wa ke sayen itace kullum a kusa da kai? Matan da ke turara shinkafar da ake kawo maka casa. Tun asuba ganguna ke kan wuta, kuma kuɗin itace na cikin abin da ya fi cin ribarsu. Matsalar buntu ita ce in ka zuba shi a murhu na duwatsu uku sai ya danne wutar, ya yi ta hayaƙi. Yana son murhu mai gangare, mai ƙarafa jere kamar matakala, yadda zai riƙa zubowa kaɗan-kaɗan iska na ratsa shi ta ƙasa. Wannan ba kayan jirgi ba ne, magini da mai walda na garinku za su iya yi. Manyan kamfanonin shinkafa da buntunsu suke hura tukunyar tururinsu, ba sa sayen itace. In ka gina irin murhun nan guda ɗaya a gefen injinka, ka ce duk mai kawo maka casa ta zo ta turara a nan kan kuɗi kaɗan, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: buntu ya ragu ba tare da ya hau mota ba, kuma ka ɗaure masu kawo maka aiki. Ka sa masa bututun hayaƙi mai tsawo saboda maƙwabta, masu kwashe tokar kuma su rufe hanci da baki, don ƙurarta ba ta da kyau ga huhu.

To gawayin fa? Ga abin da bidiyon bai nuna maka ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin buntu toka ce, wadda wuta ba ta ci. In ka ƙona kilo 100 a cikin ganga ya zama baƙi, abin da zai rage bai fi kilo 35 zuwa 40 ba, kuma tokar nan kilo 20 tana nan a ciki ba ta je ko'ina ba. Wato kusan rabin gawayin da za ka dunƙula toka ce. Gawayin itace mai kyau tokarsa 'yar kaɗan ce. Mai tsire zai saya sau ɗaya, ya ga wutar ba ta da kaifi, toka ta lulluɓe garwashin tana tashi kan nama, ba zai sake ba. Mai shayi da mai dafa wake ko ganda, masu son wuta mai jimawa a hankali, su za su iya jurewa, amma sai in farashin ya yi ƙasa da na gawayin da suka saba. Ka ƙara da cewa ba ya dunƙuluwa sai da abin ɗauri, galibi kokon sitacin rogo, shi ma kuɗi ne. Sai shanya ta kwana biyu ko uku, wadda damina ke hanawa. Buntunka na yini guda, kilo 600, zai ba ka abin da bai wuce kilo 240 ba. Ka je kasuwa ka auna buhun gawayi, ka raba kuɗinsa da nauyinsa, ka rage wani abu saboda tokar, ka ninka da 240. Daga nan ka cire ladan ma'aikata, sitaci, wuta, buhu da dako. Abin da ya rage shi za ka raba kuɗin injin da shi, ka ga ko wata shida ne ko shekara nawa.

Akwai wani nau'in injin da ba ya buƙatar a ƙona buntun. Wani murɗaɗɗen ƙarfe ne ke tura shi da ƙarfi cikin bututu mai zafi, ya fito kamar sanda mai rami a tsakiya. Wannan ya fi kyau a ido, kuma ina kyautata zaton shi aka nuna maka. Yana son lantarki mai layi uku da babbar motar lantarki mai juya ƙarfen, ga na'urar zafafa bututun. Ka san yadda wuta take a wajenku, ka san kuɗin gas na janareta, kuma ka tuna a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Babbar cutarsa kuwa ita ce silikar nan. Buntu yana cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Bakin murɗaɗɗen ƙarfen yana cinyewa bayan 'yan kwanaki na aiki, sai an cire an sake yi masa walda da ƙarfe mai tauri na musamman. A Bangaladash irin waɗannan injinan suna da yawa, masu shayi da gidajen abinci da sandunan buntu suke girki, kuma ana cin riba. Amma can akwai maƙeran da aikinsu ke nan, akwai kayan gyara a kusa, masu saye kuma sun saba da kayan shekara da shekaru. Injin kaɗai za a sayar maka, ba za a haɗo maka da maƙeran da kasuwar ba.

Na taɓa raka wani abokina duba irin wannan injin da ya saya da kuɗin gadonsa. Mako uku ya yi yana aiki. Da ƙarfen ya cinye, wanda ya sayar masa ya ce sai an yi odar wani daga waje. Ranar da muka je, tamfol ne a kansa, kaji sun yi sheƙa a ƙarƙashi, buntun da aka saye shi dominsa kuwa yana nan ya ƙaru. Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya sosu, don mutum ne mai ƙoƙari, ba malalaci ba. Cinikin biri a sama aka yi da shi.

Hanyar da na fi so maka ta fi wannan sauƙi, kuma ba ta cin jari. Gidajen kaji suna buƙatar shimfiɗa a ƙasa, yawanci ɓarɓashin katako suke saye daga 'yan katako. Busasshen buntu mai tsabta yana yin wannan aikin, kaurin yatsu huɗu ya isa. Sharaɗinsa kada ya jiƙe, kada ya zama niƙaƙƙe mai ƙura, kuma ka ga dalilin da ya sa na dage kan raba shi da dusa. In 'yan tsaki ne sababbi, a shimfiɗa takarda a kai kwanakin farko don kada su ci. Kajin nama suna yin mako shida zuwa takwas a kai, sannan a kwashe. Abin da aka kwashe ɗin ba buntu ba ne kuma, taki ne, irin wanda masu albasa da tumatir da masara ke bi gida-gida suna saye a buhu. Saboda haka ka je wurin masu kaji biyu ko uku na kusa ka yi musu tayi. Ko su sayi buntun kan farashin da bai kai na katako ba, ko ka ba su kyauta bisa sharaɗin in sun kwashe ku raba takin, ko su sayar maka shi kan farashin da kuka tsayar tun farko. A rubuta, a sa shaidu, don ranar da takin ya yi tsada zuciya takan canza. Ka kiyaye abu ɗaya: murar tsuntsaye tun 2006 take kai-kawo a ƙasar nan. Buhun da ya shiga wata gona kada ya shiga wata, kuma gonar da kaji ke mutuwa kada ka ɗauki takinta ko kyauta ne.

Me ya sa ba za a kai buntun gona kai tsaye ba? Saboda ba ya ruɓewa da wuri, yakan shekara a ƙasa yana nan da ƙirarsa. Kuma ƙwayoyin halittar da ke ƙoƙarin cin sa suna janye sinadarin naitirojin, wanda shuka ke buƙata, daga ƙasa, sai manomi ya ga masararsa ta yi ɗorawa, ya ce ka ƙona masa gona. Kashin kaji ko na shanu shi ke ba su abin da suke nema. In ka karɓo takin, kada ka sayar ɗanye. Ka tsiba shi a inuwa, tsayin ƙirji, ka haɗa da duk ɗanyen abin da ka samu a banza: ruɓaɓɓen tumatirin da ake zubarwa a kasuwar Gafan lokacin da ya yi yawa, ganyen kabeji, toka kaɗan daga murhun turarawa. Ka jiƙa shi da ruwan da aka jiƙa shinkafa, wanda dama warinsa ke damun unguwa. Gwajin danshin a hannu yake: ka damƙa, ya dunƙule, amma kada ruwa ya zubo. Ka soka rodi a tsakiya. Bayan kwana uku in ka zaro ka ji ba ka iya riƙe shi, aiki ya kama, zafin ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya shi duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin kashin ya tafi, ya koma ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya sauka a kai. Tsibin zai ragu sosai, kusan rabi, kada ka ce an yi maka sata.

Wajen sayarwa ka gaya wa manomi gaskiya. Buhun takin zamani na yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, don kashi 46 cikin ɗari ne. Takin da ka haɗa yana da kashi 1 zuwa 2, wato sai ka tara fiye da tan guda, wani lokacin biyu, kafin ka kamo buhu ɗaya ta wannan fuskar. Ba madadin takin zamani ba ne. Aikinsa shi ne gyara jikin ƙasa, ta riƙe ruwa, ta yi laushi, takin zamanin da aka zuba ya zauna maimakon ya bi ruwa. Manoman Kadawa da suka shekara da shekaru suna noma fili ɗaya rani da damina da ruwan Tiga sun san ƙasarsu ta gaji, ba sai ka yi musu dogon bayani ba. Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a 2022 kuwa, mai neman na gargajiya ya ƙaru. Kasuwarsa sau biyu take ci, gab da faɗuwar damina da lokacin shirin noman rani, saboda haka ka lissafa baya da wata uku ka san ranar da za ka tsiba. In kana sayarwa a amalanke ga maƙwabta babu wata wahala, amma ranar da ka fara buga suna a buhu kana kaiwa kasuwa, akwai dokar kula da ingancin taki ta 2019, sai ka nemi rajista.

Na ce za mu dawo kan dako. Kakanninmu sun warware wannan tun kafin a san mota. Jakuna kan shigo birnin Kano da itace da hatsi, su koma ƙauye da mangala cike da takin birni, toka da kashin dabbobi da sharar gida. Da haka gonakin kewayen birni suka yi ɗaruruwan shekaru ana noma su duk shekara ba hutu. Jakin ba ya komawa wayam. To duk motar da ta sauke maka shanshera daga gona, wayam take komawa, kuma gonar da ta fito ita ce mai buƙatar takin. Ka yi magana da manoman da kake saye a hannunsu. Wani ma zai yarda ku yi musaya, taki yanzu, shanshera da kaka. Wannan dakon kusan kyauta ne, kuma babu wani mai injin gawayi da zai iya ba ka irinsa.

Maganar ɗanka ta gas, Allah ya yi masa albarka, tunanin mai kyau ne amma ba da buntu ba. Rumbun gas yana son abu mai laushi mai ruwa, kamar ɗanyen kashin shanu da ake damawa da ruwa kullum. Buntu in ya shiga sai ya taso sama ya yi ɓawo ya toshe rumbun. In kuna da shanu huɗu ko biyar a turke da ruwa wadatacce, ƙaramin rumbu zai iya ɗauke wa gida girki, wannan tanadi ne na gida, ba sana'a ba. Akwai kuma fasahar da ke fitar da gas daga buntu ta hanyar zafi har a tayar da janareta. Da ita kamfanin Husk Power Systems ya fara ba ƙauyukan jihar Bihar ta Indiya wuta a wajajen 2008. Aiki ne na injiniyoyi masu kula da shi dare da rana, ya fi ƙarfin inji mai buhu talatin.

Wutar da kuke cinnawa kuwa, ka bar ta ko da maƙwabta ba su yi ƙara ba. Tsibin buntu ba ya ci da harshe, ta ciki yake ci, ya yi makonni. Sama ka ga toka fara kamar ta huce, ƙasa garwashi ne. Yaro ya biyo ƙwallo ko akuya ya taka, ƙafarsa ta nutse. Ka je wurin mai unguwa da kanka, ka gaya masa ka daina, ka kuma sanar cewa duk mai son tsohon tsibin don yaɓe ko bulon ƙasa ko shimfiɗar dabbobi ya zo ya ɗiba kyauta har wata guda. Tsohon ya riga ya sha ruwa da rana, kada ka tsaya neman kuɗi a kansa. Filin da zai bar maka shi za ka tsiba taki a kai.

In bayan duk wannan zuciyarka tana kan gawayin, to ka gwada shi da kuɗin da ba zai hana ka barci ba. Ganga ɗaya, bututun hayaƙi, da ɗan madunƙuli na hannu da mai walda zai haɗa maka. Ka haɗa da totuwar masara ko ɓawon gyaɗa in kana samu, don tokarsu ba ta kai ta buntu ba, suna ƙara wa wutar kaifi. Ka yi buhu biyar, ka raba wa masu shayi da masu abinci biyar. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. Ka jira ka ga wanda zai aiko yaro da kuɗi a karo na biyu da na uku. Ka sami littafi ka riƙa rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita, har ladan ɗanka in shi ke yi. Ranar da masu aikowa suka fi ƙarfin hannu, sai a yi maganar inji. A ranar ma ka ce wa mai sayarwa ya kai ka inda irinsa ya shekara yana aiki da buntun shinkafa, ba garin katako ba, ka keɓe da mai shi ka tambaye shi sau nawa yake gyaran ƙarfen a wata da wanda ke yi masa. Ka tafi da buhu biyu na buntunka a gwada a gabanka. Kuɗin kuma ya fito daga ribar dusa da taki, ko ka nemi bankin da ba ya harka da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su saya su sayar maka ta murabaha kana biya a hankali.

Gobe da safe kafin a tayar da inji, ka auna buhu ɗaya na shanshera, a cashe shi shi kaɗai, ka tara duk abin da ya fito ta baya a kan tamfol, a tankaɗe, ka auna dusa daban, tsaki daban, buntu daban. Ka aiko mini da alƙaluman nan uku da farashin buhun dusa a kasuwarku na wannan makon, sai mu lissafa ko wata nawa injin roba zai ɗauka kafin ya biya kansa.